Shinkafar da Ba Ta Sunkuya Ba

Abin nan ya faru ne a ranin da iyakar Najeriya take rufe, lokacin da ko tiyar gero mutum ya ɗauko sai ya bi ta jeji kamar ɓarawo. Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, kuma muna can a baƙunta cutar nan ta zo wadda ta sa aka kulle masallatai. Wanda ya san waɗannan ya san lokacin. Ni ban iya lissafin shekarun Nasara ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu don haka ba.

Sunana Tabawa. A Matameye in ka ce Tabawa ta bakin Korama, ba wanda zai tambaye ka wace ce. Abin da ya fitar da ni daga gida da furfura a kaina 'yar fadama ce, wadda ni da Malam muke noma shinkafa a cikinta tun ina da ƙuruciya. Da ya rasu, wansa Alhaji Illa ya ce fadamar ta gandu ce, rake zai sa a ciki, tunda irin da nake shukawa ya gaji, ko kaji ba ya ƙosarwa. Dattawan gida suka zauna, suka ce a ba ni damina ɗaya. In shinkafa ta cika rumbu, fadama tana hannuna har in mutu. In ba ta cika ba, in cire hannu. Na ce na ji. Na ƙara da cewa zan kawo irin da ba a taɓa gani ba a duk faɗin ƙasar Kance. Ba wanda ya tambaye ni wannan, ni na faɗa, a gaban maza.

Ƙanwata Dije ce ta bi ni, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ita ba ta da fadama, ba ta da magana, tsorona kawai take ji da kuma tsoron a bar ta ita kaɗai.

Ta jeji muka shiga Daura, daga can muka faɗa Kano. A tasha wani mai farar riga ya tare mu da fara'a, yana ta Hajiya-Hajiya, alhali ko Agadas ban taɓa zuwa ba, balle Makka. Ya ce aikin shinkafa kuke nema? Ai kun zo gida. Ya kai mu wani injin casa a bayan gari, ya danƙa mu ga mai injin, ya karɓi abin da ya karɓa a hannunsa, ba mu sake ganinsa ba. Nan muka yi ta shiƙar dusa daga safe har rana ta faɗi, ladanmu tuwon tsaki. Ƙaiƙayi ya shiga mana ido, ya shiga hanci, ya shiga har cikin kitso. Da na ce wa mai injin ni iri na zo nema, sai ya yi dariya ya nuna mini tsibin ƙaiƙayi ya ce in ɗiba iya ƙarfina. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ke kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, shi ya ji tausayinmu. Ya ce akwai gonar da ake haɗa iri a kudu, suna ɗaukar mata. Ya ɗora mu a kan buhuna, bai karɓi komai ba, har ya saya mana rogo a hanya. Ban san sunansa ba. Har yau yana cikin addu'ata.

Gonar ba irin tamu ba ce. Ruwa yana gudu a magudana cikin tsakiyar rani, fangali ya bi fangali har ido ya gaji. An ba mu rumfar kwano, mu da matan Yauri da na wasu garuruwa. Sauron wurin ba ya jiran dare. Cikin ruwa kuma matsattsaku, ka fito ka ga sun yi maka layi a ƙwauri sun kumbura da jininka.

Mai kula da ma'aikata sunansa Sabitu, sai dai dole a ce masa Oga. Dogo ne, siriri, da baƙin gilashi, takalminsa bai taɓa shiga ruwa ba. Ba ya kiranmu da suna. "Ke 'yar Faransa!" "Ke tsohuwa!" Ranar farko na ce masa ni ba lada nake so ba, iri nake so, na ƙarshen aiki. Ya dube ni sama da ƙasa.

"A ƙasarku har ruwa gare ku da za ku shuka shinkafa? Na zaci yashi kuke ci."

"Muna ci," na ce. "Shi ya sa haƙoranmu suka fi naku kaifi. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya ce ya yarda.

Tun wajen dashe na ga abin mamaki. Layi biyu na wata shinkafa doguwa, sai layuka da yawa na wata gajera, sai kuma doguwar. In ka haɗa su a layi ɗaya, ranar ba ka da abinci. Wadda ta warware mini malamar gona ce, Malama Rukayya, yarinya ce sa'ar 'yata ta fari, amma ta yi karatun shuka har ƙasar waje. Ita kaɗai ke shiga taɓo tare da mu. Da ta ga yadda tafin ƙafata ya tsattsage, ta cire takalmin robarta ta ba ni, ta ce tana da wani. Ƙarya take yi, don kwana da kwanaki na gan ta da silifa.

Na tambaye ta dalilin raba layukan, ta tsuguna ta tsinko ganye.

"Inna, cikin kowace ƙwaya akwai gado, abin da ido ba ya gani. Kuma gida-gida suke zaune, kamar dangi. Akwai gidan da tsawo ke hannunsu. Akwai gidan da ke cewa gindi ɗaya ya fitar da 'ya'ya da yawa ko kaɗan. Akwai masu cewa lokacin fure ya yi. Akwai masu ɗura wa ƙwaya gari har ta yi nauyi. 'Yan gida ɗaya sun yi kama da juna, amma wani a saiwa yake aiki, wani a ganye, wani a zangarniya."

"Kamar gidan maƙera," na ce. "Duk maƙera ne, amma wani lauje, wani allura."

Ta yi dariya ta ce haka ne.

"To in gida ɗaya ya ƙi aiki fa?"

"Sai abin da ke hannunsu ya tsaya, sauran kuma su ci gaba kamar ba abin da ya faru. Kin ga gajerun nan? Komai nasu lafiya lau, sai dai garin furensu ba shi da rai. Su kaɗai ba sa haihuwa. Su muke kira mata. Dogayen su ne maza."

Sai ta nuna mini abin da na riƙe da kyau, don kunnena bai taɓa yaudarata ba. Ta ce gonaki biyu ne. Na bakin titi, mazan wani gida ne dabam, masu gyara abin da ya mutu a jikin matan. 'Ya'yan wannan aure cikakku ne, ba sa bukatar kowa, su ake ba manoma. Ta kai ni wani ɗan fangali da suka shuka tun da wuri don nuni, na ga zangarniya ta sunkuya har tana shan ruwa. Amma na bayan gada, in ji ta, mazan 'yan'uwan matan ne na jini. 'Ya'yansu mata ne kamar uwarsu, ana ajiye su ne don auren baɗi. Na ce ta yaya ake gane ƙwayar wannan da ta wancan? Ta ce da ido ba a ganewa, Inna, sai da shaidar buhu.

Da shinkafa ta yi ciki ta fara fure, sai aka fito da igiyoyi. Wannan aikin ban taɓa jin labarinsa ba a duniya. Da hantsi, in raɓa ta bushe fure ya buɗe, mace biyu su kama doguwar igiya, ɗaya a wannan gefen fangali ɗaya a wancan, su yi ta tafiya suna jan ta a kan shinkafa. Mazan su girgiza, garinsu ya tashi kamar hayaƙi rawaya, ya sauka a kan matan. Ka kai ƙarshe ka juyo. Ba tsayawa, don furen ba ya daɗewa a buɗe, rana na kaiwa tsaka ya rufe. Matan Yauri suna ce wa aikin kai amarya, har guɗa suke yi. Ni da Dije igiya ɗaya muke ja. Ta yanka mana tafin hannu har ya daina jini ya koma kanta.

A lokacin ne Dije ta fara fitsarin jini, cutar ruwan nan. Ta rame, idonta ya yi fari. Wata rana muna tsakiyar ja a gonar bayan gada sai na ji igiya ta saki. Na waiwaya, ta durƙusa a kan gefen fangali tana haki. Kafin in zagayo, Sabitu ya riga ni. Ya ɗauki bakin igiyar mai ƙulli ya zuba mata a baya, ya sake zubawa.

"Tashi! An ce miki fure yana jiran mabarata?"

Dije ba ta yi kuka ba, haƙuri ta shiga ba shi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na tsaya a gabansa da taɓo har gwiwa, mata duk sun saki igiya suna kallo.

"Sabitu," na ce, ban sa Oga ba. "Na daɗe ina tunanin inda na san ka. Yau na gane. Kai layin maza ne. Tsawo gare ka, ƙura gare ka, sai mata sun ja igiya kake motsi. Kuma Malama ta gaya mini ƙarshenku: ku ake fara yankewa a fitar, don kada ku ɓata iri."

Wata ta fashe da dariya, sai duk fili ya ɗauka. Har mai gadi ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Daga ranar, in ya doso sai ka ji ana raɗa, ga Layin Maza nan. Na jira kora, ba ta zo ba. Na jira duka, bai zo ba. Ya cire gilashi ya dube ni kawai, ya mayar, ya tafi. Dije ta ce, "Yaya, da kin bar shi. Mutumin da bai rama ba nake tsoro." Na ce mata ta yi shiru, kunya ce ta kama shi.

Ba a daɗe ba cutar nan ta shigo, aka rufe hanyoyi. Malama Rukayya ta je birni ganin mahaifiyarta, kulle ya same ta a can, ba ta dawo ba har aka yi girbi. Muka yanke maza aka fitar, muka yanke mata, muka buga, muka shiƙe, aka ɗura a buhuna. Ranar sallama Sabitu da kansa ya kira ni bakin sito. Ya fito da rabin buhu, ya ɗinke bakinsa da hannunsa.

"Inna," ya ce. Ranar ce ya fara ce mini Inna. "Ga irinki. Na zaɓa miki da kaina. Abin da ya wuce ya wuce."

"Na bakin titi ne?"

"Haba Inna. Zan yi miki haka? Ki shuka shi shi kaɗai, kada ki bari wani iri ya raɓe shi. In ya yi kyau ki tuna da ni."

Na buɗe gefe na duba. Ƙwaya cikakkiya, ja-ja kamar zinariya. Na ciza, ta yi ƙara. Na sa masa albarka. Ni Tabawa, da bakina, na ce Allah ya ba shi abin da ya ba ni.

Dawowarmu ba a mota muka yi rabinta ba. Inda aka samu mai babur a hau, inda ba a samu ba ƙafa, buhu a kaina, Dije tana bina da sanda tana tsayawa bayan kowace bishiya. A wani shinge masu kaki suka tsare mu, ɗaya ya soka wuƙa a buhun wai yana neman abin da muka ɓoye. Iri ya zube a ƙasa. Na durƙusa ina tsincewa ƙwaya-ƙwaya cikin yashi, suna zaune a inuwa suna cin gyaɗa suna mini lissafi da ƙarfi don wasa. Sai da na bar musu takalmin Malama suka sake mu.

Guzurinmu ya ƙare tun kafin Daura. A wani ƙauye wata mata ta ba mu turmi da tukunya ta ce mu dafa abin da muke da shi, ita ma ba ta da abin ba mu sai ruwa da wuta. Dije ta dubi buhun.

"Yaya, tafi biyu kawai. Mu sussuka mu yi ɗan fate. Cikina kamar ana murɗa shi."

"Iri ne, ba abinci ba."

"Tafi ɗaya, don Allah."

"In kin ci tafi ɗaya kin ci kwando. Ki sha ruwa."

Ta sha ruwa. Da zogale da ganyen tafasa muka iso gida, ruwan farko ya riga mu da kaɗan.

Na rene shi, na dasa shi a layi kamar yadda na koya, na hana kowane iri kusantarsa. Jama'a, ban taɓa ganin shuka irin wannan ba. Gindi ɗaya sai ya fitar da 'ya'yan da hannu biyu ba ya kewaye su. Ganye kore shar har yana baƙi. Masu zuwa kasuwar Matameye suna tsayar da amalanke su sauko kallo. Mata suka fara zuwa da ƙwarya suna kama layin iri tun ba a girbe ba, ni kuwa ina cewa za a duba. Alhaji Illa ya zo ya tsaya bakin fadama, ya daɗe yana kallo, ya juya ya tafi. Ranar na yi kitso, na sa lalle.

Shinkafa ta yi ciki, ta fitar da kai, ta yi fure. Duk gidajen da Malama ta lissafa mini sun yi aikinsu, mai tsawo ya yi, mai 'ya'ya ya yi, mai fure ya yi. Na zauna jiran ta sunkuya.

Ta maƙwabcina Nomau, tsohuwar jar shinkafa mai gemu wadda nake yi wa dariya, ta sunkuya. Tawa tana tsaye. Na ce mai nauyi ba ta gaggawa. Ta Nomau ta nuna, tsuntsaye suka sauka mata. Tawa ko tsuntsu ɗaya. Wannan ne ya fara sa ni zargi, don tsuntsu ba ya kuskure. Na shiga na matsa ƙwaya tsakanin farce, ba ruwan nono, ba gari, ɓawo ne ya rungumi ɓawo. Na matsa wata. Na bi fadamar daga wannan baki zuwa wancan ina matsawa har farcena ya yi jini. Kowace zangarniya ta ɗaga kai sama, kyakkyawa, fanko. Na tsaya a tsakiyarsu, sai na ga gonar bayan gada a gabana, ba maza, ba igiya.

Dattawa suka zo ranar da aka sa. Alhaji Illa ya tsinko zangarniya, ya murza a tafinsa, ya hura. Duk ta tashi, ba abin da ya rage.

"Tabawa, wannan ne irin da ba a taɓa gani ba?"

"Shi ne, Alhaji. Ka taɓa ganin irinsa?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Alhaji ya kakkaɓe hannu ya ce, "Harawa dai ta yi kyau. A yanka wa shanuna." Haka aka yi. Ba su bar mini ko yankan ba, 'ya'yansa suka shiga da lauje ina tsaye. Kafin sanyi ya shigo an binne rake a wurin.

Ana gobe za su yanka na bi gefen da ya haɗa iyaka da Nomau. Nan, a layin ƙarshe, inda iska ke kaɗo garin jar shinkafarsa, na tarar da 'yan ƙwayoyi sun cika, nan ɗaya can ɗaya. Abin da aka ce in nisanta da shi, shi kaɗai ya ba ta haihuwa. Na tsince su duka, ba su rufe gindin ƙaramar ƙwarya ba.

Rani na zagayowa Dije ta koma gonar, don yunwa ba ta bar mata zaɓi ba. Da ta dawo ta ƙi haɗa ido da ni, sai da na matsa mata. Ta ce Sabitu yana ba da labarina a bakin sito, kowace sabuwar ma'aikaciya sai ta ji. Wai buhun bayan gada ne da ruwa ya taɓa, aka ce a kai inji a casa. Wai yana cewa, tsohuwar ta ce maza ba su da amfani, shi ya sa ya ba ta mata zalla ta je ta gwada. Har yana tambayar Dije, ya amfanin gona, rumbu nawa Inna ta cika? Na ce ke kuma me kika ce? Ta ce, "Na ce masa kina gaishe shi, Yaya. Aiki nake nema."

Ban zage ta ba. Ta kuma ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe da mun dafa a hanya." Maganar da na gaya wa Sabitu kuwa, in yau aka mayar da ni cikin taɓon nan, ita zan sake faɗa, sai dai in ƙara gishiri.

Cikin mutanen wannan tafiya, Dije ta riga mu, ciwon nan bai sake ta ba har ya kai ta. Nomau ma ya rasu, 'ya'yansa sun sa rake, jar shinkafarsa ta ɓace daga Korama. Malama Rukayya ban san inda take ba, ina fata tana da rai, ina kuma fata ba ta taɓa jin abin da aka yi da iliminta ba. Alhaji Illa yana nan, ya yi ƙiba, kowace kasuwa yana aiko mini da sandar rake daga fadamar, ni kuma ina ba akuya. Sabitu an ce ya je Makka, yanzu Alhaji ake ce masa. Sai ni. Sai 'yan ƙwayoyin nan, suna cikin kwalba da toka a ƙarƙashin gadona. Ban san ko 'ya'yansu za su sunkuya ko za su tsaya kamar uwarsu ba, kuma ba ni da taki ɗaya na ƙasa mai ruwa da zan tambaye su.